Shekarar da Gwaggo Ta Ƙi Faɗa

Da akwati biyu na sauka Jamus, amma ɗaya ne ya fito tare da ni. Wanda ya fito na kayana ne: atamfofi, yaji, garin kuka, da wata rigar sanyi da na saya a gwanjon kasuwar Kankiya, wadda daga baya na gane ta kwalliya ce kawai. Wanda bai fito ba kuwa shi ne dalilin tafiyar gaba ɗaya. Farin akwati ne na soso, cikinsa ƙananan kwalabe tamanin da huɗu, kowace da ruwan jinin mutum ɗaya daga Kaikai ko Kunduru. An binne su cikin busasshiyar ƙanƙara, irin wadda ba ta narkewa ta zama ruwa, sai dai ta bi iska a hankali. In ta ƙare, jinin ya lalace.

Sunana Rabi, 'yar Kaikai ce ni ta ƙaramar hukumar Kusada, kuma a ɗakin gwaje-gwajen asibiti nake aiki a Kankiya. Ciwon dajin hanta ne ya kashe babana. A wajenmu na manoman gyaɗa ba baƙon ciwo ba ne: mutum yana nomansa lafiya lau, ranar da ciki ya kumbura ido ya yi ɗorawa, an riga an makara. Da na sami gurbin koyon binciken da ke neman alamar ciwon a jini tun kafin ya bayyana, sai da na yi kwana uku bakina bai rufu ba. Samun jinin ne ya zama aiki. An ce sayar wa Turawa zan yi. Gwaggo Hansai, yayar babana, tsohuwar ungozomar garinmu, ita ta fara miƙo hannu a gaban jama'a.

"Ɗiba," ta ce. "Amma ki sani amana ce. Ki kai shi, ki komo mana da magana."

Wannan amanar ce aka riƙe a sashen kaya na filin jirgi, ranar Juma'a da yamma, wai hatimi ɗaya bai cika ba, mai bugawa kuma ya tashi sai Litinin. Ƙanƙarar kwana biyu ta rage mata. Na yi roƙo da Turanci, na yi faɗa da Turanci, da Turancin ya ƙare na koma Hausa.

"Wagga wace irin masifa ce! Mutum ya taho tun daga Kusada a tsai da shi kan tawada?"

Sai na ji daga bayana: "Wa ke faɗa da Katsinanci nan wurin?"

Wani dattijo ne cikin rigar aiki mai ruwan lemo, yana tura amalanken kaya. Isuhu sunansa, mutumin Maraɗi, shekararsa ashirin a wurin. Wallahi ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Ya saurare ni har na gama.

"Lokotoro, share hawayenki," ya ce, wato likita a bakin mutanen Maraɗi. "Fidda akwati ya fi ƙarfina. Amma masu shigo da kifi kullum sai an ƙara musu irin ƙanƙarar nan. Bari in ga babbanmu."

Ya tafi, ya dawo da wani Bajamushe mai ɗaure fuska da takarda a hannu. Na sa hannu wuri biyar. A gabana aka buɗe murfin, aka zuba ƙanƙara har baki, aka tura akwatin ɗakin sanyi kusa da kifin.

Daga nan na nufi masauki da ƙwarin gwiwa, don tun ina gida na kama ɗaki ta hannun wani ɗan Najeriya da muka haɗu a intanet, mai zaƙin baki, har 'yar'uwa yake kirana, na kuma tura masa kuɗin haya. Na ƙwanƙwasa ƙofar da ya kwatanta mini. Wata tsohuwa ta leƙo da kare a hannu, ta dubi hoton ɗakin a wayata, ta girgiza kai. Ɗakin jikarta ne, ba na haya ba ne, kuma ni ce ta uku da ta zo da hoton nan. Lambar ɗan'uwan nawa kuwa a kashe take har yau. Na tsaya bakin titi, iska tana ratsa rigar gwanjo kamar ban sa komai ba, ina tsine wa wautata. Isuhu na kira, da ma ya ba ni lambarsa. Matarsa Hadiza ta yi mini shimfiɗa a ɗakin ɗiyarta, ni kuma na kwance ƙullin kukata, muka yi tuwo da miya. Ta ce rabonta da kuka mai ƙamshi haka tun bikin ƙanenta.

Ranar Litinin aka buga hatimin, abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Na hau jirgin ƙasa zuwa kudu, tafiyar awa huɗu, da akwatin a kan cinyata. Mai duba tikiti ya nuna mini wurin aje kaya, na yi kamar ban gane ba.

Shugabar ɗakin binciken wata doguwar mace ce siririya, muna ce mata Farfesa. Ranar farko na tsaya bakin gini ina jiran in ga doguwar mota da direba, sai ga ta a kan keke, da ledar burodi a kwando. Na ce a raina, a Kusada ko sakataren unguwa ba zai yarda da wannan ba. Amma hannunta a wurin aiki, Allah ya yi baiwa. Wata biyu ta yi tana tsaye a kaina ina koyon tsamo 'yan gutsattsarin ƙwayoyin gado daga ruwan jini, abin da ido ba ya gani, sai dai ka yarda da na'ura cewa yana nan.

Ga yadda na kwatanta wa Gwaggo aikin a waya, kuma har yau ban sami kwatancen da ya fi shi ba. Na ce kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana da rumbuna iri ɗaya, waɗanda ya gada daga uwa da uba. Ba duka ake buɗewa ba. Jiki yana liƙe bakin wasu, ya bar wasu a buɗe, gwargwadon aikin wurin. Abin da mutum ya ci, da cutar da ya ɗauka, da gubar funfunar da ke kama gyaɗa in an tara ta da danshi, duk suna iya sauya inda liƙin yake. Ciwon daji kuma yakan liƙe rumbun da masu tsaron jiki suke ciki. Hanta tana zubar da ɓurɓushinta cikin jini da liƙin a jiki, mu kuma shi muke karantawa.

"To ku ɓalle liƙin mana," in ji Gwaggo.

Na ce ai akwai masu neman magungunan yin hakan, ga su nan a bene na sama. Mu namu shi ne mu gano da wuri.

Ranar da sakamakon farko ya fito a allon kwamfuta, layi-layi, ja da shuɗi, mutanen garinmu tamanin da huɗu jere da juna, na manta inda nake. Guɗa na rangaɗa. Wani ɗalibi ya saki abin da ke hannunsa, mata biyu suka rugo daga ɗakin kusa suna zaton gobara ce. Na yi ta bayani ina dariya, cewa a wajenmu haka ake yi in abu ya yi kyau. Daga ranar, duk wanda aikinsa ya fito sai ya zo ya ce in yi masa.

Murnar ba ta yi mako ba Farfesa ta kira ni ofis. Takardar bayanan mutanen tana gabanta. Babu suna a ciki, lambobi ne kawai, don sunayen suna Kankiya a hannun abokin aikina Malam Sada, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ta ɗora alƙalami kan layin ranar haihuwa.

"Rabi, mutum sittin da ɗaya a nan an haife su ranar ɗaya ga Janairu. Kusan kowa shekarunsa talatin ne cif, ko arba'in, ko hamsin, ko sittin. Wa ya ƙirƙiro waɗannan mutanen?"

Ni za a ce na yi ƙarya? Na zaro fasfona na aje mata a tebur. Ɗaya ga Janairu. Na ce haka ake yi mana: mutum ya je yin katin shaida, magatakarda ya dubi gemunsa ya yanka masa shekaru, ya ba shi ranar da ta fi sauƙin rubutu. Ni daga katunan na kwafa.

Ta dubi fasfon, ta ba ni haƙuri, amma fuskarta ba ta saki ba. Ta ce tsufa shi ma yana liƙe rumbuna, wasunsu ma su ne waɗanda ciwon yake liƙewa. In ba a san shekarun mutum na gaskiya ba, ba za a iya ware liƙin tsufa daga na ciwo ba. Ƙa'idar wurin kuma, jinin da bayanansa ba su inganta ba ƙona shi ake yi. Ta ba ni mako uku.

Na fito na zauna a bencin tashar bas, ga dusar ƙanƙara tana sauka, abin da na yi ta ɗokin gani, amma ko kallonta ban yi ba. Kewar gida ta kama ni sosai. Ina tuna yadda mutanen Kunduru suka aje garma da fartanya suka bi layi, ina tunanin da wane baki zan ce musu an ƙona jininsu. Na kira Malam Sada ina ta zuba.

"Ke Rabi, tsaya," ya ce. "Wa ya yanke wa rabin mutanen nan cibi?"

Washegari ya hau babur daga Kankiya zuwa Kaikai da littafin sunaye. Ya zauna a tabarmar Gwaggo, ya jingina waya da ƙwarya, ni kuma ina wani lungu na ɗakin bincike ina saurare. Yana karanta suna, tana ba da shekara, shi kuma yana rubutawa gaban lambar mutum.

"Sale na Mai Unguwa, kati ya ce hamsin."

"Hamsin ɗin mi? Wanga da aka yi Jihar Katsina yana goye. Ni na kwance shi daga bayan uwarshi don ta yi guɗa."

"Talatu matar Ɗanjuma."

"Shekarar da motoci suka koma hannun dama, da kaka. Nono ɗaya suka sha da Nomau, tsakaninsu kwana arba'in."

Wanda ba ita ta karɓi haihuwarsa ba, ta san da wa aka yi masa kaciya, ko bikin wa aka yi yana rarrafe. Na Kunduru da suka shige mata, ta aika aka ɗauko wata ƙawarta tsohuwa a babur, suka yi ta musu har suka daidaita. Ni kuma ina neman shekarar kowane abin da ta ambata ina lissafawa. Kwana tara muka yi a haka, ina dariya har cikina ya yi ciwo, don kowane suna sai ya taho da abin kunyar mai shi.

Wuri ɗaya kawai aka sami cikas. Malam Sada ya karanta, "Lawal Abdu."

"Wuce," in ji Gwaggo.

Muka wuce, ba wanda ya yi mamaki. Lawal ɗanta ne na fari, kuma uwa a wajenmu ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zancensa, ko kallonsa ba ta cika yi a gaban mutane. Tun da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Kunduru, can ya tashi. In ya zo gaishe ta, "wancan" take ce masa, shi kuma Gwaggo yake ce mata kamar mu. Taubashina ne, kowa a cikinmu yana cewa ɗayan bawansa ne. Tun ina yarinya da furfura na san shi. Katinsa ya ce sittin, muka bar masa sittin ɗinsa.

Farfesa ba ta karɓi lissafin haka kawai ba. Akwai hanyar ƙiyasta shekaru daga liƙin kansa, sai dai ciwo yana iya ruɗa ta, kuma ba a kan mutanenmu aka gina ta ba, shi ya sa ba ta isa ita kaɗai. Ta ce a gwada ta a kan kwalaben, a aza kusa da na kati, a aza kusa da na Gwaggo. Na kati suka watse ko'ina a allon. Na Gwaggo suka jeru a layi ɗaya, kamar shuka a kunya. Farfesa ta cire tabarau ta sake mayarwa.

"Wace makaranta matar nan ta yi?"

Na ce makarantar ɗakin haihuwa. Ta ce sai an sa sunanta a takardar binciken. Sannan ta dube ni ta ce, "Ba za ki yi abin nan naki ba?" Na yi guɗa, ita ma ta gwada, abin ya fito kamar kukan zabo. Jinin ya tsira.

Bayan kwana biyu ta sake kirana, ta nuna mini ɗigo ɗaya da aka zagaye. Lamba hamsin da biyu. Liƙin da ke jininsa ya yi yawa, har a wuraren da ciwon hanta ya saba taɓawa. In mai shi ya kai sittin da gaske, abin yana kan iyaka, ana iya jira a sake gwadawa baɗi. In kuwa bai kai hamsin ba, a kai shi hoton ciki cikin makon nan. Kuma shi kaɗai ne ba a tabbatar da shekarunsa ba.

Ba sai na tambayi Malam Sada ba. Mutum ɗaya muka wuce.

Tun ranar ɗibar jini kowa ya yarda a sanar da shi in an ga wani abu, don haka na kira Lawal. Yana gona, ana cirar gyaɗa.

"Baiwata 'yar Jamus! Sanyi ya taɓa miki kai halan? Ni da nike ɗaukar buhu ni kaɗai? In bar gyaɗata a ƙasa in tahi Kano a shafa mini mai a ciki? Sittin gwamnati ta ba ni, kuma na karɓa."

Na yi lallashi, na yi faɗa, ya yi ta dariya. Na tambayi dangi shekarunsa, wani ya ce sa'an wane ne, wani ya ce a'a ya girme shi nesa. Kakar da ta riƙe shi ta rasu, ubansa ya rasu, babana ya rasu. Mutum ɗaya ta rage.

Ranar Laraba Malam Sada ya koma Kaikai, ya yi dabara ya sa Lawal ya kawo wa Gwaggo kwanon sabuwar gyaɗa. Ina jin motsinsu ta waya. Na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni, yau zan yi rashin kunya. Jinin da na ga abu a cikinsa na wancan ne. Irin abin da ya ɗauke Baba nake tsoro. In tsoho ne, da sauƙi. In ba tsoho ba ne, yanzu ne lokacin. Ke kaɗai kika sani."

Ina jin kaji, ina jin wata tana daka a maƙwabta. Har na duba ko layin ya yanke.

"Shekarar da aka bar sule aka koma naira," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Da damina, gero ya fara fidda kai, sannan ruwa ya ɗauke. Ranar Laraba, kamar yau. Furfurar ta gidan ubanshi ce, su tun suna samari suke yi."

Na lissafa da yatsu. Arba'in da takwas. Na faɗa da ƙarfi, na ce gobe-goben nan a tafi. Lawal ya fara, "Haba, gyaɗar fa..."

"Lawal."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Malam Sada ya ce mini daga baya, kwanon gyaɗar faɗuwa ya yi.

"Lawal, da kai nike. Na binne ƙanena da ciwon nan. Ba ni binne ka. Tashi ka tahi."

Sai na ji muryarsa, ta koma kamar ba ta mai ɗaukar buhu ba.

"Na'am. To."

A asibitin Kano hoton ya nuna ƙulli a hantarsa, ɗan ƙarami, bai kai ƙwallon goriba ba. Likitan da ya yi aikin ya tambayi Malam Sada yadda aka yi aka kawo mutum da ƙafarsa tun abin yana haka, don su ba su saba gani ba. Ranar da aka ce an cire lafiya, na kira Isuhu da Hadiza kafin kowa, na yi musu guɗa a waya.

Bayan shekara guda na dawo Kaikai. Na tara mutane a ƙofar gidan Mai Unguwa na ba su maganar da aka aike ni nema: abin da muka gani, abin da ba mu gane ba tukuna, wa da wa ya kamata su riƙa zuwa gwaji, da yadda za a shanya gyaɗa ta bushe kafin a tara. Na kuma faɗa wa kowa shekarunsa na gaskiya, abin da ya jawo rigimar da har yau ba ta mutu ba, don an gano ƙannai da yawa da suka daɗe suna cin girman yayye.

Da aka watse na shiga wurin Gwaggo. Lawal yana zaune bakin ƙofa, ya rame kaɗan, furfurar tana nan. Na ce, "Gwaggo, ashe kin iya sunan."

"Wane suna? Wayarku ce ta yi ƙarya." Ta turo mini akushi ba ta dubi ƙofa ba. "Miƙa ma wancan, ya ci tun da zafi."

Na buɗe akushin a hanya, don ni ba na iya haƙuri. Duk naman miyar yana ciki. Lawal ya karɓa, ya sa hannu, ya yi ƙasa da murya don kada ta ji.

"Ƙyale ta. Ni dai na ji, kuma na amsa."